Maƙoƙon Bintu a Wuyan Ɗan Sahabi

A shekarun da Nasara suka kafa tuta a Filinge, suna karɓar gero da kaji da ƴan maza masu ɗaukar kaya, akwai wata tsohuwa a wani ƙauye na ƙarƙashin dutse, gabas da gari, sunanta Bintu. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta mata aure ya kai su nesa, ba ta da kowa a ɗaki sai maƙoƙonta. Ba irin ƙaramin nan ba ne da mata ke ɓoyewa da tsakiya biyu. Nata ya fito ya zauna a kan ƙirji kamar duman da ya samu juji. Ita da bakinta take kiransa maigida, tana cewa shi kaɗai ne namijin da ya shekara da shekaru a ɗakinta bai taɓa tambayar tuwo ba. In za ta kwanta kuwa sai ta bi masa yadda yake so: ta sa gammo ƙarƙashin kafaɗu, ta saki kai baya, haɓa sama kamar kaza na shan ruwa. In ta manta, ya danne mata maƙogwaro ta farka tana kakari.

Ba ta taɓa yarda ƙarfe ya kusance shi ba, kuma tana da dalili. Yayarta Safi ta yi irinsa tun suna ƴan mata, nata ma ƙarami ne. Aka kawo wanzami daga Bonkuku ya tsaga don wuya ya yi kyau. Bintu aka ba ƙwaryar tarar jini. Ƙwarya ta cika, aka kawo wata, kafin la'asar ana haƙa rami. Tun ranar ta ce ita da maigidanta sai kabari.

Aibin da ta yarda tana da shi ɗaya ne, sauran mutanen gari ke lissafa mata: ba ta iya ajiye wuta. Matan kirki suna binne garwashi a toka da busasshen kashin shanu, su tarar da shi da rai da safe. Bintu kuwa ta haifi ƴaƴa, ta aurar da su, ta yi furfura, wutarta ba ta taɓa kwana ba. Kullum gari ya waye sai ta ɗauki tsingaro, ta kutsa ta kafar darni, shingen karan da ya raba gidajen, zuwa gidan maƙwabciyarta Mairama, wadda aka yi musu tsagar fuska rana ɗaya suna yara.

Da Balkisu, matar Sahabi ɗan Mairama, ta samu cikin fari, wata safiya Mairama ta tare Bintu a bakin murhu.

“Bintu, yarinyar ga ta ɗauki ciki. Kullum ta buɗe ido ke taka hwara gani. In za ki shigo, ki riƙa ruhe wuyanki da zane.”

“In ruhe wuyana? Ke kin ruhe bakinki? Dut wunin Allah giɓinki taka kallo. In ɗiyan ya zo ba haƙori, wa za mu kama?”

“Dut jinjiri ba haƙori shika zuwa, sakara.”

“To kin gani, ke kin samu wurin ɓoyo. Zuba min wuta in tahi.”

Haka muke, mu matan Kurfai. An ce mana abin da mai ciki ta cika kallo shi ke sauka a jikin ɗa, mun riƙe shi gam. Bintu ma ta yarda da shi, in a kan wasu ne. Ai ita ce ta fara cewa ɗan wance ya ɗauko kunnen jakin gidansu, har sunan ya bi yaron ya girma da shi.

Balkisu ta haihu da hantsi, lokacin da ake yankan gero. Namiji ne. Aka jira kuka, ba a ji kuka ba, sai wata ƙara siririya kamar sarewar kara da ta tsage. Da aka wanke shi aka ga abin: ƙarƙashin haɓa akwai kumburi kamar ɗan goruba, mai taushi, ya cika wuyan har babu wuya. In aka sa shi a nono haɓarsa ta sauko, sai ƙarar ta tsananta, ƙirjin ya riƙa lotsawa ciki, leɓɓansa su yi baƙi, ya saki nonon. Matan da ke ɗakin suka dubi wuyan jinjiri, suka dubi juna, sannan duk suka juya suka dubi darnin Bintu.

To, a al'adarmu abin da ya zo ta ido yana da mai shi. Ba ciwo ba ne, ajiya ce. Ba a sa masa aska, ba a sa masa wuta. Mai shi ne zai tsaya gaban jama'a ya ce nawa ne, ya riƙe jinjirin har uwa ta gama wankan jego, kullum safiya yana kiran kayansa su koma gida. Don haka kafin rana ta take Mairama ta tsaya a kafar darni, hannu a ƙugu.

“Bintu! Zo ki amshi kayanki.”

Bintu ta fito, ta tallabo maƙoƙon da hannu biyu. “Kayana ga su inda Allah yab bar su. Duba da kyau, ko ƙwara ɗaya ta ragu? Wa kinka taɓa gani ya ba da kyauta kayanai ba su ragu ba?”

“Na hwaɗa miki ki ruhe, kinka ƙi.”

“Ni ba mayya ba ta, Mairama. In tsaya gaban gari in ce ni nil lalata ɗiyan mutane? Sai dai ki jira gawata ta hwaɗi.”

Ko leƙa jinjirin ba ta yi ba. Kafin azahar an toshe kafar darni da ƙayar aduwa.

Daga nan duniya ta yi mata zafi. In ta nufi rijiya, masu ciki su juya baya su rufe fuska, har da waɗanda cikin nasu na tuwo ne. Wata mata ta kora akuyarta mai ciki bayan rumbu don kada ta haɗa ido da ita. Ba mai ba ta wuta. Tsohuwa da ragowar haƙora ta koma cin ɗanyen gumba kamar mai tafiyar fatauci. Tana zaune a gindin turmi tana jin sarewar nan ta cikin kara, tana tashi, tana sauka, wani lokaci ta tsaya cik har mata su yi salati, sannan ta dawo. Bintu takan tura yatsu a kunne, ta ce wa maƙoƙonta, “Ka ji abin da sunka ce ka yi? Kai da ko juyawa ba ka iyawa sai na taimake ka.”

Ta je wurin maigari. Ƙanen mijin Mairama ne, ya ce, “Haƙuri, Inna,” ya ci gaba da tuƙar igiyarsa. Ta je wurin malam. Ya ce Allah ne masani, ya kuma roƙe ta ta tsaya daga bayan zana, don matarsa ma ta yi nauyi. Nan ne zuciya ta ɗebe ta.

Lokacin, Nasara sun ɗora wa kowane ƙauye daka. Mata su surfa gero su kai barikin Filinge a ka don tuwon sojoji, ba ko na gode. Kowa tsoron zuwa yake, ana tura tsofaffi da marasa gata. Washegari juyin ƙauyensu ne, Bintu ta ɗauki ƙwarya ba wanda ya aike ta, ta shige gaba. Suka bi dallol, busasshen kwarin nan, cikin goruba da gawo, sauran matan suna barin tazara tsakaninsu da ita.

Barikin ba wani abu ba ne, ɗakunan ƙasa ne da rumfa da ƙyalle a kan sanda. Kumandan, Nasaran da ke mulkin wurin, yana zaune a ƙarƙashin rumfar, yaro ne ƙwarai, ja kamar an feɗe shi, zazzaɓi ya rarake masa ido. Kusa da shi akwai tafinta, wani Bazabarme mai jar hula ana ce masa Hamani. Mata suka juye gero suka juya da sauri. Bintu ta juye nata, ta kife ƙwaryar, ta zauna a kai. Wani gardi, dogarin bariki, ya ɗaga bulala. Ba ta da makami, sai ta ɗaga masa maƙoƙo. Ya ja da baya.

Hamani ya ce, “Tsohuwa, mi kika so? Nan ba kasuwa ba ta.”

“Ƙara nik kawo.”

“Ƙarar wa?”

“Garinmu dut, da awakinsu.”

Ta zayyana komai, tun daga garwashi har ƙayar aduwa. Hamani yana juyawa cikin harshen Nasara, maganar da ta yi doguwa tana fita daga bakinsa gajeriya. Kumandan bai ko saurara sosai ba, wuyanta yake kallo kamar yaro ya ga raƙumi. Ya tashi, ya sa aka kawo igiya, ya zagaye maƙoƙon da ita, ya ƙulla, ya ɗaga igiyar sama yana girgiza kai. Ya tambayi rijiyar da take sha, ya tambaya ko uwarta ta yi irinsa. Ta zo neman gaskiya, ga ta a tsaye ana aunata kamar ragon layya. Abin haushin ma, ta miƙe wuya don awon ya fita da kyau.

Da aka kai ga maganar ido, Kumandan ya yi dariya har ya yi tari. Ya yi magana yana buga tebur.

Hamani ya ce, “Kumandan yac ce ido ba shi ɗaukar kaya shi kai ma wani. Yac ce zancen banza na. Dut wanda yaƙ ƙara cewa abin wuyan jinjirin naki na, za shi zo shi yi daka nan bariki har hannunai shi hwashe.”

“Shi ƙara hwaɗi, ban ji da kunnen hagu ba.”

Aka maimaita mata. Ta yi guɗa a tsakiyar bariki, guɗar mai maƙoƙo, wadda ta sa kajin Kumandan suka watse. A cikin su ukun, da Nasaran da tafintan da ita kanta, babu wanda ya tambayi yadda jinjirin ke numfashi.

Ta koma gida da gardi a kan doki yana bin ta a baya, ita tana gaba tana taku kamar amarya. Aka tara gari a gindin gawo, gardi ya faɗi hukunci, ya kaɗa bulala a iska don a fahimta. Maigari ya yar da igiyarsa ya ce dama shi bai taɓa yarda da zancen ba. Sahabi da hannunsa ya janye ƙayar aduwa, tana sukarsa. Bintu ta ɗauki tsingaronta, ta kutsa, wuya a buɗe, ta tsuguna a murhun Mairama ta tona, ta zaɓi garwashin da ya fi kowanne girma. Daga cikin ɗaki sarewar tana tashi. Bintu ta yi kamar iska ce a cikin kara.

Ta ɗora tukunya, za ta ci tuwo mai zafi karo na farko tun ranar haihuwar. Rana ta yi ja, tana cikin talge, sai ta ji an kira ta a hankali daga bayan darni. Balkisu ce, jikinta na tururin ruwan wanka, idanunta sun kumbura.

“Inna Bintu, an aika ma Manzo wanzami. Gobe in an raɗa suna za shi tsaga.”

“Shi tsaga mi?”

“Wuyan. Surukata tac ce tunda Nasara yac ce ba ido ba na, to ba ajiya ba ta, mugun jini na. Tac ce sai an hidda shi, in ba haka ba shi zai shaƙe shi.”

Muciya ta tsaya a hannun Bintu.

Balkisu ta ce, “Ni ban taɓa cewa naki na ba, Inna, Allah na gani. Amma da naki na, da ba mai taɓa shi da aska.” Ta juya ta koma, don sarewar ta sake tsayawa.

Tuwon ya ƙone a kan wutar da ta je har Filinge ta ƙwato. Bintu ta zauna tana kallon hayaƙi. Ta ce wa maƙoƙon, “To, maigida, ka ga wayon matarka. Na tai bariki da ƙahwata, an auna ni da igiya, na yi guɗa, ashe aska nit tai in wasa ma Manzo.” Ta ce a ranta ba ruwanta, ba jikanta ba ne, an wanke ta gaban gari, wanda ya haifa ya ji da abinsa. Ta faɗi haka da ƙarfi don ta ji da kunnenta. Bai shiga ba. Ƙwaryar Safi take gani, yadda ta yi ɗumi a hannunta, yadda aka ce mata riƙe da kyau kada ki zubar.

Da safe maza suka taru a ƙofar gida, aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro Yahaya, aka yanka rago. Bintu tana jin komai daga ɗakinta, ta ɗaura ɗankwali ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta ce leƙawa kawai za ta yi.

A tsakar gida mata sun yi da'ira. Manzo yana zaune a tabarma da zabirarsa a buɗe, ya riga ya aske kan. Jinjirin yana kan cinyar Mairama, haɓarsa ta sauko kan kumburin, yana jan iska da dukan haƙarƙarinsa, leɓɓan sun yi kalar toka. Manzo yana wasa ƙaramar aska a tafin hannu, ya daɗe yana wasawa, fiye da yadda aska ke bukata. A gefen gwiwar Mairama an ajiye sabuwar ƙwarya, ƙarama, wankakkiya.

Bintu ba ta san lokacin da ta ratsa da'irar ba. Ta sa ƙafa ta shure ƙwaryar, ta yi ta mirgina har gindin rumbu.

“Manzo, maida ƙarhen ga cikin zabira. Nawa na.”

Wata ta dafe baki, wata ta leƙa ƙofa ko gardi na nan.

Mairama ta ce da raɗa, “Ki yi shiru, za ki ja muna masihwa! Nasara ya hana!”

“Ku yah hana. Ni nik kai ƙara, ni ad da hukuncin, in na so in zauna bisa shi.”

“Jiya kinka kawo muna doki da bulala, kinka sa ɗana yat tsinci ƙaya da hannu. Yau kuma naki na?”

“Jiya ban duba da kyau ba. Na kwana na shahwa, na ji gehen hagu ya yi rami.”

Mairama ta dube ta, irin duban wadda ta san ki tun kuna tsirara. Ta ce, “Ba a amsar ajiya da raɗa. Ki hwaɗi maza su ji daga waje.”

Nan Bintu ta so ta shaƙe ta. Amma jinjirin ya ja wani numfashi da ya ƙi ƙarewa. Ta juya ta fuskanci ƙofa, ta buɗe maƙogwaron da Allah ya bar mata.

“Ku ji, mutanen gari! Abin wuyan ɗan Sahabi nawa na! Ni nis sa mai! An ce in ruhe nik ƙi!” Da ta ga har yanzu ana kallonta ana jira, sai ta ƙara gishiri. “Wutata ma ba mutuwa taka yi ba, ni ka kashe ta da ruwa don in samu hanyar shigowa!”

Mata suka ɗauki salati. Wata tsohuwa ta ce dama ta sani, babu macen da wuta za ta mutu wa kullum. Bintu ta ji wannan, ta gane ko aibinta ɗaya na gaskiya an ƙwace mata, an mai da shi mugunta.

Manzo kuwa tuni ya naɗe askarsa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ce, “Ni ba ni taɓa ajiyar mutane. Tun ga ubana ba mu yi.” Bai taɓa ɗaure zabira da sauri irin na ranar ba. Ya ɗan tsaya. “Saura beli, ko in cire?”

“Belin ma bar shi. Maƙogwaron ga abin da ad da shi ya ishe shi.”

Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Mairama ta miƙo mata shi. Ba shi da nauyi ko na ƙwaryar fura. Bintu ba ta san addu'ar komai ba, ba ta san saiwar komai ba. Abu ɗaya ta sani, yadda mai kaya a wuya yake kwanciya. Ta tuɓe ɗankwalinta gaban kowa, furfura a waje, ta naɗe shi ƙaramin gammo, ta tura ƙarƙashin kafaɗunsa, ta saki kansa baya a hankali har haɓar ta rabu da kumburin. Sarewar ba ta tafi ba, amma ta sauko, ta yi faɗi. Ƙirjin ya rage lotsawa. Suna kallo tokar leɓɓan ta fara komawa ja.

Wata ta ce, “Ki kira kayanki mana.”

Bintu ta tallabo maƙoƙon ta sunkuya da shi kan jinjirin. “Maigida, kira ɗanka shi dawo gida. Ka bar bin gidajen mutane, tsoho da kai.”

Mata suka ce amin da gaske. Balkisu ce kaɗai ta yi dariya, tana yi tana share hawaye.

Haka Bintu ta tare a ɗakin jego. Ta hana a goya shi, don a baya kansa zai faɗo gaba. Ta hana a ba shi nono a rungume. Sai dai yana kwance a kan gammonsa, uwar ta sunkuyo a kansa kamar akuya, yana tsotsa yana hutawa. Ba kullum ake cin nasara ba. Akwai ranar da mura ta kama shi ya yi baƙi ƙirin a hannunta, ta ɗaga shi, ta hura masa iska a fuska, tana zaginsa da uban ubansa har ya ja numfashi don ya rama. Bayanta ya ƙage, gwiwoyinta suka kumbura, gonarta ta gyaɗa ɓeraye suka girbe mata. Aka gama wanka ba ta tafi ba, don ba wanda ya iya kwantar da shi ba tsoro.

Kafin damina ta sauka kumburin ya koma kamar ɗan aduwa. Lokacin da yaron ya fara rarrafe sai an laluba ake jinsa. Me ya tafi da shi? Allah ya sani, Bintu ba ta sani ba. Amma gari ya sani. Mata suka riƙa auna wuyanta da ido a bakin rijiya, suna rantsuwa gefen hagu ya ciko. Ga shaida ta fito fili: ta sa, ta karɓe. Har daga Abala aka zo kallonta.

Labari ya kai bariki, kamar yadda komai ke kaiwa. Wata safiya sai ga gardi a kan doki, ya tasa ta gaba, wannan karon ba takun amarya. An canza Kumandan, sabon bai san ta ba, bai san zancen ba. Hamani dai yana nan da jar hularsa.

“Tsohuwa, hukunci yac ce dut wanda yac ce naki na, shi yi daka. An ce ke kinka hwaɗi, da ƙarhi, har maza sunka ji.”

“Ni nik kawo ƙarar, ɗan nan!”

“Shi ya sa ba ki iya cewa ba ki ji ba. Da kunne biyu anka hwaɗa miki.”

Aka ba ta turmi da taɓarya. Ta yi wa sojoji daka har tafin hannunta ya fashe, maigida yana tsalle a ƙirjinta da kowane bugu. A duk ƙasar Kurfai ita kaɗai aka taɓa hukuntawa da wannan doka, dokar da ta je ta roƙo da ƙafarta.

Da ta dawo ta iske Mairama ita kaɗai a bakin murhu. Ta tsuguna da tsingaronta.

“Mairama, ba kowa nan sai ni da ke da Allah. Kin san ba ni ba ta.”

Mairama ta tona toka, ta zaɓo mata garwashi mai kyau. “Ni dai na san hannunki yaw warke.”

“Ba shi nit tambaye ki ba.”

“Riƙe da kyau, kar ki ƙone.”

Iyakar wankin da ta samu ke nan, kuma har yau ba wanda ya tsaya a gindin gawo ya ce an zalunci matar nan. Maigari bai ce ba, malam bai ce ba, Sahabi da ya ci riba bai ce ba. Yahaya ya girma da dogon wuya kamar barewa da murya mai tashin tsuntsaye daga gona. Shi ne ke hawa darni yana ihu, “Inna mai tulu, ba ni gumba!” Ita kuma ta jefe shi da tsingaro, ta ce da ta sani da ta bar wa Manzo, sannan ta ba shi gumbar.

Abu ɗaya ya canza. In Bintu ta hango mai ciki a hanyar rijiya, tun daga nesa take jan gefen zane ta rufe wuyanta ruf, tana tafe tana zage-zage ƙasa-ƙasa. Mata suka ce ta tuba. Ba tuba ba ne. Bayanta ne ba zai iya rainon wani ba.